Sunan Denton a Jikin Bindiga

Lorene Tackett ta fi shekara ashirin tana raba wasiƙu a ƙauyukan da ke kewaye da Kimble Gap, can kudancin Oklahoma. Motarta tsohuwa ce mai sitiyari a dama, don ta riƙa miƙa hannu cikin akwatunan bakin hanya ba sai ta sauka ba. Babu karen da bai san ƙarar injinta ba. Ita kuma babu gidan da ba ta san halinsa ba, ba don tana leƙe ba, sai don hanya takan faɗa wa mai bin ta kullum abin da masu gida ba su faɗa ba: inda aka shanya kayan jariri, inda a-kori-kura ba ta kwana a gida ba, inda aka bar bindiga jingine a bayan kujerar direba rana tana dukanta.

Ba mace ce mai tsoron bindiga ba. Gara a faɗi wannan tun farko, domin daga baya an yi ta yaɗa cewa baƙin ciki ne ya taɓa mata kai. Tun ba ta kai tsawon shingen gidansu ba ubanta ya ɗora mata ƙaramar bindiga a kafaɗa, kuma har yau naman barewar da ke cikin firjinta ita ta harbo shi. Mijinta ya tafi Texas aikin haƙar mai tun ɗansu Denton yana rarrafe, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Saboda haka ita ta koya wa yaron harbi, kuma ita ta koya masa dokar shinge yadda aka koya mata: in ka zo shingen waya, ka cire harsashi, ka kwantar da bindiga a ƙasa, ka tsallaka, sannan ka jawo ta ta gindi. Ta faɗa masa har ya haddace, har yakan riga ta ƙarasa maganar yana kwaikwayon muryarta.

Denton ya girma ya zama mai walda, ya kuma shiga 'yan kwana-kwana na sa-kai, kamar kowane saurayin garin da ke da ƙarfin ɗaukar mesa. Lokacin ne aladun jeji suka addabi gonaki. Garke-garke suke zuwa, su tone gonar mutum kafin gari ya waye su bar ta kamar an yi haƙar kabari. Bindigar barewa mai ɗana ɗaya-ɗaya ba ta isa garke, don haka samari suka koma wa irin wadda ke ɗana kanta: ja ɗaya harsashi ɗaya, wani ya hau nan take. Denton ma ya sayi tasa.

Sai dai irin wannan bindiga kunamarta daga kamfani tauri gare ta, sai ka sa ƙarfi kafin ta tashi. Su kuwa samari abin kunya ne a ga mutum da kunamar kamfani. Kowa yakan cire ya sa wata mai taushi, irin ta masu gasar harbi, waɗanda ke zama kan benci da hannu tsirara suna auna takarda. A filin harbi na bayan gari ba a tambayar mutum aladu nawa ya kashe, sai a ce, "Miƙo mu ji kunamarka."

Ranar da Denton ya sa tasa, a kan teburin kicin ɗin uwarsa ya yi aikin. Ya nuna mata babu harsashi a ciki, ya miƙa mata.

"Mama, taɓa ki ji. Wallahi ko numfashi kika yi a kanta sai ta tashi."

Ta ɗora yatsa. Ba ta san ta ja ba, sai ta ji ƙas.

"To ni me zan yi da bindigar da numfashi ke tayarwa?" in ji ta. "Ai kullum cikin numfashi nake."

"Ke fa 'yar zamanin da ce. Ku kunama sai kun ja ta kamar kuna jan guga."

"Guga bai taɓa faɗo wa kowa ba sai an sake shi. Kwashe min ƙarafunka, tebur nake so."

Ya yi dariya ya sumbace ta a ka, ya saci yankin burodin masara ya fita.

Bayan haka da kaɗan, wata Asabar da safe cikin tsakiyar hunturu, raɓa ta daskare a kan ciyawa, shi da amininsa Jubal Renfro suka bi sawun aladu har bakin wani shingen waya mai ƙaya. Garken yana gabansu yana shirin shiga kurmi. Denton bai cire harsashi ba, bai mayar da ɗan makullin da ke hana bindigar tashi ba, bai kwantar da ita ba. Ya riƙe ta ta baki ya miƙa wa Jubal ta saman waya. Jubal yana sanye da safar hannu mai kauri, irin wadda mutum ba ya jin yatsunsa a ciki. Ya kama inda hannu ya saba kamawa.

Shekarar Denton ashirin da huɗu.

Duk wanda ya taɓa binne ɗansa ya san cewa bayan kabari akwai wani aiki, shi ne sauraron mutane. Mata suka yi ta shigowa da kwanuka, wake da naman alade, kaza da shinkafa, har firji ya ƙi rufuwa. Wannan Lorene ta gode. Abin da ta kasa haɗiyewa shi ne maganar maza a bakin ƙofa, hula a hannu. Wasu su ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wasu kuwa, su ne suka fi yawa, su ce, "Bindiga ba ta kisa, 'yar'uwa, mutum ke kisa." Suna faɗa suna dafa kafaɗar Jubal, wanda ke tsaye a gefe kamar an zare masa laka, ba su ko lura cewa da wannan maganar kansa suke ɗora wa dukkan kayan ba. Babu mutum ɗaya da ya ambaci kunamar. Kowannensu yana da irinta a gida.

Ita kanta ta yi watanni ba ta iya kallon fuskar Jubal. Shi kuwa bai zo neman gafara da baki ba. Da ciyawa ta fito sai ga shi ran Asabar da injin yanka, ya yanke mata farfajiya ya tafi. Asabar ta gaba ma haka. Wata rana ta ajiye masa kofin shayi mai ƙanƙara a kan matakala, ta koma ciki. Da ta fito kofin babu komai, an ɗauraye shi an kife. Iyakar sulhunsu ke nan, kuma ya ishe su.

Ta koma aiki, ta ci gaba da bin hanyarta. Abin da ya canza kawai, ta daina ɗaga wa a-kori-kura hannu in ta ga bindiga a bayan kujera.

Da kaka ta zagayo, wata Lahadi bayan an taso daga coci, Buford Sizemore ya same ta a bakin motarta. Shi ne shugaban 'yan kwana-kwana, ƙato mai tumbi, mai son mutane, wanda bai taɓa yin mugunta da gangan ba, kuma saboda haka bai taɓa zargin kansa da yin ta ba. Ya cire hula.

"'Yar'uwa Lorene, albishirinki."

"Goro, in mai kyau ne."

"Kin san tankin motar kashe wuta ya ruɓe. Bana ma za mu yi suyar tarwaɗa mu jefa ƙuri'a, kamar kullum."

Ta sani. A Kimble Gap in ana neman taimako, ko na rufin coci ne ko na asibitin wani, bindiga ake sawa a ƙuri'a. Kowa ya sayi tikiti, ran taro a zaro ɗaya daga cikin bokiti, mai rabo ya tafi da ita. Haka aka taso aka gani.

"To bana yaran suka ce a yi ta da sunan Denton," in ji Buford. Idonsa ya ciko da hawaye na gaske. "Irin tasa sak. An ma riga an buga farantin tagulla da sunansa, za a manna a jikin gindinta. Kuma muka ce babu wanda ya cancanci ya zaɓi kunamar da za a sa mata sai mahaifiyarsa. Girmamawa ce, 'yar'uwa."

Lorene ta tsaya tana dubansa. Ta nemi alamar izgili a fuskarsa ba ta samu ba, kuma rashin samun ne ya fi ƙona mata rai. Da mugu ne da ta san abin da za ta yi da shi.

"Buford, ka san abin da ya kashe min ɗa?"

"Tsautsayi, 'yar'uwa. Ai duk mun..."

"Na ce ka sani?"

Ya murza hular a hannu. "Denton yana son bindigar nan. Da yana raye da ya yi alfahari."

"Da yana raye da ba ku buga sunansa a tagulla ba."

Ta buɗe mota ta shiga. Ya sunkuyo ta taga, jikinsa ya yi sanyi.

"In ba kya so, shi ke nan. Yaran za su zaɓa da kansu."

Wannan ce ta tsayar da ita. Ta san abin da yaran za su zaɓa. Ta ga bindigar a idon zuciyarta, da sunan da ta raɗa tun yana ciki, tana kwance a bayan kujerar wata mota da take wucewa kowace safiya, a ƙofar wani gida mai kayan yara a igiya.

"Yaushe?" ta ce.

"Laraba, shagon Harlan."

"Zan zo in na gama zagaye."

Shagon Harlan Tuggle yana kusa da gidan mai, rabi kayan kamun kifi rabi bindigogi, da tukunyar gahawa da ba a taɓa ganin an wanke ba. Harlan ajinsu ɗaya da Lorene tun firamare, siriri ne mai ƙarancin magana, kuma shi ya sayar wa Denton waccan kunamar. Bai je gidanta ya faɗi komai a bakin ƙofa ba, ya dai tsaya a bayan kowa a maƙabarta. Da ta shigo da rigar aikinta, ta tarar da Buford da wasu 'yan kwana-kwana biyu suna jingine da kantar shagon. Jubal yana can ƙurya wajen ƙugiyoyin kifi, yana juya abin da ba saye zai yi ba.

Bindigar tana kwance a kan wani ƙyalle. Farantin tagullar yana gefe, ba a manna ba tukuna. Ta ƙi kallonsa.

Harlan ya jera mata ƙananan akwatuna. "Ga su, Lorene. Wannan ta 'yan gasa ce, nauyin janta bai kai laba biyu ba take tashi. Wannan matsakaiciya. Wannan kuwa mai hawa biyu ce, sai kin ja ta tsaya, ki ƙara ja sannan ta tashi."

"Wace ce irin ta Denton?"

Ya ɗora yatsa a kan ta farko, bai ɗago ba.

"Ita muke so!" in ji ɗaya daga cikin samarin. "Ai ita ce za ta sayar da tikiti. Mutum ya ji ta sau ɗaya, sai ya zazzage aljihu."

"Wadda take ciki yanzu fa?" Lorene ta tambayi Harlan.

"Ta kamfani ce. Ta kai laba shida, ko ta fi."

"A bar ta."

Buford ya yi 'yar dariya. "Haba 'yar'uwa. Wa zai sayi tikitin bindiga mai kunamar kamfani? Ai wannan sai ka gayyaci maƙwabta su taya ka ja. A ce bindigar tunawa da Denton, kuma a bar ta haka kamar ta marowaci?"

"Kai ka ce in zaɓa."

"Cikin waɗannan na ce. Ki ɗauki ko matsakaiciyar mana."

"Ranka ya daɗe shugaba, kunama mai taushi me take ƙara wa mai bin alade a guje cikin kurmi?"

"Saiti! Hannu ba ya rawa."

"Alade kamar buhu, a nisan jifa, kake neman saiti? Ko dai a filin harbi kuke so a ce taku ta fi ta wane?"

Samarin suka sunkuyar da kai suna murmushi. Buford ya ja wando sama. "Ni dai shekarata arba'in da bindiga. Wanda ya san abin da yake yi, yatsansa ba ya shiga inda bai aike shi ba. Makullin gaskiya yana nan." Ya buga goshinsa da yatsa.

Daga ƙurya aka ji ƙugiyoyi sun zube a ƙasa. Jubal ne, ya durƙusa yana tsincewa, kunnuwansa sun yi ja.

Nan ne zuciyar Lorene ta tafasa, amma muryarta ba ta tashi ba. Ta juya wajen Harlan. "Kana da wata a haɗe da irin waccan?"

Ya ɗauko tasa daga bango, ya cire gidan harsashi, ya buɗe cikinta ya nuna wa kowa babu komai, ya ɗana ta, ya juya bakinta wajen buhunan yashi da ke bayan shago. Lorene ta je inda aka rataye kayan sanyi ta zaro safar hannu mafi kauri.

"Saka, Buford."

"Me kuma za a yi?"

"Wasa ne. Ai kai gwani ne. Saka, ka tsaya can bayan kantar. Zan miƙo maka, ka karɓa da sauri, aladu suna guduwa."

Ya saka yana dariya, yana kallon samarin. Ta ɗauki bindigar ta gefe, bakin bindigar yana duban yashi, ta miƙa masa ta saman kantar, ta daka masa tsawa irin wadda bai taɓa ji daga bakinta ba: "Karɓi! Za su shige!"

Ya cafka.

Ƙas.

Ƙaramar ƙara ce, ba ta kai ta karyewar tsinken ashana ba. Amma duk shagon ya ji ta. Buford ya tsaya da bindiga a hannu, baki buɗe, yana kallon yatsansa kamar na aro.

"Ai... ai ba a shirye nake ba. Kuma makullin a buɗe yake. Kuma kin firgita ni."

"Haka ne," in ji Lorene. "Duka ukun haka ne. Ranar ma haka ne."

Ta juya ta dubi ƙurya. "Ɗan nan, tashi ka bar ƙugiyoyin nan. Ka ji da kunnenka. Mai shekara arba'in da bindiga ma ta tashi a hannunsa."

Jubal ya miƙe. Ya fita waje, suka hango shi ta gilashi ya dafa murfin motarsa da hannu biyu.

Buford ya cire safar a hankali. "To, a bar ta kamfanin," ya ce. "Tunda haka kike so."

Harlan ya fara mayar da akwatunan. Da sauran suka koma wajen gahawa, ya yi ƙasa da murya. "Lorene, kada in yaudare ki. Wanda ya ci, gobe zai iya cire ta. Ƙusa biyu ce kawai. Kuma in ya kawo min, sana'ata ce, doka ba ta hana ba. In na ƙi, zai yi a kan teburinsa."

"Na sani. A kan nawa teburin aka yi waccan."

Sai a lokacin ta ɗauki farantin tagullar. Bai fi tsawon yatsa biyu ba. An rubuta sunan daidai, da shekarar haihuwa da ta rasuwa. Ta shafa shi da babban yatsa.

"Buford, zo. Sharaɗi ɗaya. Sunan ɗana yana tafiya da wannan kunamar. Ranar da aka cire ta, a cire shi a kawo min. Kuma ba a ɓoye ba: ka faɗa a lasifika kafin a zaro tikiti."

"Haba, a gaban jama'a? Ai sai a ce..."

"A ce me? A ce uwarsa ta haukace? Ai an riga an ce. Ko ka faɗa, ko in sa wannan a aljihu yanzu ku yi ƙuri'arku da sunan tanki."

Ya yarda.

Ranar taron an cika filin 'yan kwana-kwana. Ana tsoma tarwaɗa cikin garin masara ana jefawa a mai, yara suna hawa motar kashe wuta suna danna jiniya. Bindigar tana kan tebur, sunan Denton yana ƙyalli a gindinta. Lorene ta zauna kusa da matan coci da farantinta a cinya, tana kallon maza suna zuwa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya karanta sunan, ya girgiza kai cikin jimami, sannan ya ɗauka ya gwada kunamar, ya yamutsa fuska.

"Kai! Wannan sai da majaujawa."

"Wa ya zaɓi wannan, kakata?"

"Yi a hankali, uwar tana jinka."

Tana ji kuwa. Ta ci kifinta har ƙaya.

Buford ya cika alkawari, ko da yake ya faɗi sharaɗin da sauri kamar mai haɗiye magani, ya bi shi da barkwanci a kan tumbinsa don kada shirun ya daɗe. Aka girgiza bokiti. Elroy Pickens ya ci, mai gyaran taraktoci, wanda gidansa ke kan hanyar Lorene bayan gadar ƙarfe, gida mai lilo a gindin bishiya da kekuna ƙanana biyu a farfajiya. Ya zo har inda take, ya cire hula, ya riƙe hannunta da nasa biyu.

"Inna Lorene, zan riƙe ta da daraja. Denton tamkar ƙanena ne."

"Ka ji sharaɗin?"

"Na ji. Kada ki damu."

An sami kuɗin tanki har da rara. A coci aka yi godiya, aka ambaci sunan Denton, aka ce ko bayan ransa yana kashe wuta.

Ba a yi sati biyu ba, ran wata Asabar, ta ji an tsaya da mota a ƙofar gida. Lokacin ciyawa ta riga ta bushe, babu abin yankewa, amma Jubal ne. Wannan karon ya hau matakala ya ƙwanƙwasa, abin da bai taɓa yi ba tun rasuwar. Ta buɗe. Ya miƙo hannu, farantin tagullar yana tafinsa, da ƙananan ƙusoshinsa guda biyu.

"Mama, a filin harbi na sami Elroy, ya riga ya sa mata mai taushin. Yana ba mutane suna taɓawa." Ya ci gaba: "Ya ce wai ya ɗauka maganar ta ranar taro ce kawai. Ya ce wai Denton da kansa da ita zai zaɓa."

"Da ita zai zaɓa," in ji Lorene. "Ai ya zaɓa."

"Na ce ya ba ni sunan. Ya ce bindigarsa ce, ya ci ta da tikitinsa. Sai Baba Harlan ya taso ya miƙo min sukuddireba, ya ce a gabansa aka yi sharaɗi."

"Kun yi faɗa?"

"A'a. Riƙe ta dai na ce ya yi, ni ba na taɓawa. Ya riƙe, na kwance."

Ta karɓa. A bayan farantin akwai ɗan tabon man bindiga. Ta goge shi da gefen rigarta.

"Ka ci abinci?"

"A'a."

"To shigo. Ka goge ƙafa, ba gidan ubanka ba ne."

Ya shigo, ya zauna a kujerar da ke kusa da ƙofa, ba wadda Denton ya saba zama a kai ba. Ta zuba masa wake da burodin masara, ya ci kansa a sunkuye, ita kuma tana tsaye a bakin murhu.

Litinin da safe ta ɗaure farantin da zare a jikin madubin motarta, ta fita zagaye. Bayan gadar ƙarfe ta tsaya a akwatin Elroy Pickens. A-kori-kurarsa tana ƙofar gida, gilashi a sauke, bindigar tana jingine a bayan kujera, da ƙananan ramuka biyu a gindinta inda suna ya zauna. Matarsa tana shanya, ta ɗago hannu tana murmushi. Lorene ta sa wasiƙun a akwati, ta rufe, ta danna ham har sai da matar ta ajiye kwando ta taho.

"Lafiya, Inna Lorene?"

"Ki ce wa mijinki ya ɗauke waccan ya kulle. Yau zan faɗa, gobe ma zan faɗa. Kullum ta nan nake bi."

Matar ta waiwaya ta dubi motar, ta dubi kekunan, murmushin ya ɗauke. Lorene ta sa giya ta wuce akwati na gaba.

Da wata kakar ta zo, Buford ya sake tare ta a bakin coci, hula a hannu, ya ce yaran suna tunanin mayar da abin na kowace shekara, tunda bara an samu sosai. Ta bar shi ya gama tsaf.

"Ku sa saniya," ta ce. "Ko injin yankan ciyawa. In bindiga ce, ku sa sunanka, tunda kana raye kana iya bin ta ka ga inda ta kwana."

Bindiga suka sa. Babu sunan kowa a jikinta.